Tsohuwar Cajar Batir: A Gyara Ta Ko A Sayi Sabuwa?

Bayan rasuwar kawuna, da aka buɗe garejinsa don a raba kaya, a can ƙarƙashin tebur muka ga wani akwatin ƙarfe da ƙura ta rufe. Nauyinsa ya kusa na galan ɗin manja. A gabansa akwai allura a bayan gilashi da ya dushe, da makunni mai lamba 6 a gefe ɗaya, 12 a ɗaya gefen. Cajar batirin mota ce, wadda na taso ina jin ƙugin ta tun ina ƙaramin yaro. Ɗansa ya ce, "Yaya, a kira 'yan jari bola su auna ta kawai, ai yanzu akwai ƙanana masu kashe kansu." Na ce ya bar mini ita tukuna. Yau tana aiki a gidana, kuma a gefenta akwai sabuwa ta zamani da na saya daga baya. Na yi amfani da duka biyun tsawon lokacin da zan iya faɗa wa mai irin wannan shawara a gabansa inda kowacce ta fi ƙarfi da inda take gazawa.

Tsohuwar caja ba ta da sirri. Wutar gida tana shiga taransifoma, ya sauke ta daga bolt 230 zuwa wajen 12 ko 15. Daga nan sai rektifaya, wanda ke mayar da wutar AC mai kai-komo zuwa DC mai tafiya hanya ɗaya, domin ita kaɗai batir yake sha. Sai allurar da ke nuna amfiya, wato yawan wutar da ke shiga batir, da ɗan abin kariya mai yanke wuta idan ya yi zafi, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Shi ke nan. Sabuwar kuwa fanel ce mai ɗauke da ƙananan kaya barkatai da ƙwaƙwalwar da aka tsara mata yadda za ta bi da batir: ta tura wuta da ƙarfi da farko, ta tsaya a wajen bolt 14.4 har batirin ya ƙoshi, sannan ta sauko wajen 13.6 ta riƙe shi a nan. Duk wani bambanci da za a ambata a gaba daga wannan ya samo asali.

Kafin a yi maganar kuɗi ko fenti, taransifoma ne ke yanke hukunci. Idan yana da lafiya, sauran kayan duk masu araha ne kuma ana samunsu. Idan ya ƙone, rabin dalilin gyaran ya tafi. Don haka kada ka soka tsohuwar caja a soket don ka ga ko tana yi. Cire murfin, ka sa hanci. Taransifoman da ya ƙone yana da warin da ba ya ɓuya, kuma takardar da ke tsakanin naɗin takan yi baƙi ta dinga ɓarewa. Sai ka ɗauko mita. Siraran wayoyi su ne na shigar wuta, za su nuna maka 'yan om kaɗan zuwa gomiya. Masu kauri su ne na fita, ba sa kai om ɗaya. Tsakanin kowace waya da ƙarfen jikin taransifoman bai kamata mita ta nuna haɗuwa ba ko kaɗan, haka ma tsakanin naɗin shiga da na fita. In ka san mai naɗin injin ruwa ko na fanka da ke da na'urar gwajin rufin waya mai bolt 500, kai masa ya gwada, ya fi mitar hannu tabbaci. Gwaji na ƙarshe shi ne da ƙwan fitila irin na da, mai wat 60 ko 100: ka jera shi a kan wayar shiga yadda wuta sai ta ratsa ƙwan kafin ta isa cajar, ba tare da batir ba. In ƙwan ya ɗan yi ja-ja ko bai kama ba, alhamdu lillahi. In ya haska tar, akwai inda waya ta haɗe a ciki.

Ana iya sake naɗin taransifoma, masu wannan sana'a suna nan a kowane babban gari. Amma a nan ne kuɗin gyara yake kamo na sabuwar caja, wani lokaci ya wuce, saboda tsadar jan ƙarfe. Wanda zai yi, ya tsaya a ƙirga zagayen tsohon naɗin a gabansa, a auna kaurin wayar, kuma ya kankare bakin sabuwar ya gani da idonsa cewa jan ƙarfe ce har ciki, ba alminiyam da aka shafa wa ja ba. Ni dai ra'ayina, in ba cajar tana da wata daraja ta gado a wurinka ba, ƙonannen taransifoma alama ce ta a haƙura.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa da shi a kayan gwanjo: duba farantin da ke jikinta. Najeriya, Nijar da Ghana duk wutarsu tsakanin bolt 220 da 240 take, mai bugawa 50 a daƙiƙa, irin ta Turai. Cajar Ingila irin su Davenset, ko ta Jamus irin su Absaar da Bosch, ko Telwin ta Italiya, za ta zauna da wutarmu lafiya. Ta Amurka kuwa, irin su Schumacher da Century, yawanci an yi ta ne don bolt 120 mai bugawa 60. Soka ta kai tsaye ƙonewa ce nan take. Ko an sa mata na'urar rage wuta, za ta riƙa yin zafi fiye da yadda aka tsara ta, domin taransifoman da aka naɗa don 60 yana wahala a kan 50. Ana iya amfani da ita haka, sai dai ba a cika mata kaya.

A cajar kawuna taransifoman ya tsira. Abin da ya mutu rektifaya ne. Irin na da ne, faranti-faranti masu kusurwa huɗu da aka jera a kan dogon noti kamar tsire a tsinke, an shafa musu fenti. Wannan shi ne na sinadarin seleniyam, wanda aka fara a 1933 kuma ya yi tashe har sai da diyod na silikon, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce hanya ɗaya kawai, ya ture shi daga ƙarshen shekarun 1960. Kafin shi ma akwai masu ƙwai na gilashi, irin Tungar na kamfanin General Electric da aka yi ta cajin batir da su a shekarun 1920; wanda ya tsinci irin wannan, kayan tarihi ya samu, ya adana shi. Shi seleniyam yana tsufa ko ba a aiki da shi. Yana ƙara riƙe wuta, yana ƙara zafi, cajar tana rage ƙarfi, har ranar da zai ƙone ya fitar da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da tafarnuwa. Hayaƙin nan guba ne. Kada a goge farantin da samfefa, kada a ƙona su, kada a bar yara su yi wasa da su.

Wasu masu son tsofaffin kaya suna neman wani seleniyam ɗin don cajar ta zauna yadda aka ƙera ta. Ban ga hikimar haka ba ga wanda zai yi aiki da ita, tunda duk wanda za ka samu shi ma tsoho ne. In kana son kamannin, bar shi a mazauninsa ka cire masa wayoyi, ka ɓoye sabon a gefe. Sabon kuwa ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa huɗu, irin KBPC3510 mai amfiya 35 ko KBPC5010 mai 50. Masu kayan lantarki a Sabon Gari a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ba sa rasa shi, domin masu gyaran janareta da injin walda suna saye kullum. Lambar da ke jikinsa ba ta cika sai an ɗaure shi a kan farantin alminiyam mai shan zafi. A amfiya 10 kawai yana iya fitar da zafin da ya kai wat 20, saboda haka a sayi wanda ya ninka bukata sau uku, a shafa masa farin man nan na zafi, a ɗaure shi tamau.

A nan ne na ga mutane suna kuskure biyu. Na farko, ba sa ƙirga wayoyin da ke fitowa daga taransifoma. In masu kauri biyu ne, su shiga ƙafafun AC biyu, a ɗauki ja da baƙa daga sauran biyun. In uku ne, ta tsakiyar daga tsakiyar naɗin ta fito, kuma diyod biyu kawai ake bukata: na gefe biyun su shiga ƙafafun AC, ja ta fito daga ƙafar da ke da alamar tarawa, baƙa ta fito daga wayar tsakiyar, ƙafa ta huɗu a bar ta haka nan. Wanda ya yar da ta tsakiyar ya haɗa duka ƙafafu huɗun, ya ninka wutar, zai tura wa batirin 12 abin da ya dace da na 24. Kuskure na biyu, mantawa da cewa silikon ba ya cin wuta kamar tsohon seleniyam. Bambancin ba ya wuce bolt ɗaya ko ƙasa da haka, amma a wurin batir wannan ba ƙaramin abu ba ne: cajar da aka rubuta mata amfiya 6 sai ka ga allura ta haura 9, taransifoma yana zafi. Maganinsa a jera abin rage gudu a kan jar waya. Wani tsoho mai cajin batir a unguwarmu ne ya nuna mini hanya mafi sauƙi. Na ce, "Baba, allurar nan tana wuce iyaka." Ya miƙa hannu ya ɗauko ƙwan fitilar mota mai wat 55, ya ce, "Ɗana, sa wannan a tsakani. In batir yana jin yunwa zai haska, in ya ƙoshi zai dushe." Ƙwan ba ya barin abin da ya wuce amfiya huɗu da ɗoriya ya wuce, in ana son ƙari sai a haɗa biyu gefe da gefe.

Batun zanen haɗin waya shi ne ke tsayar da mutane da yawa, suna ganin in babu shi ba za a taɓa ba. A fara da cikin murfin, kamfanoni da dama a nan suke manna shi, ko da ya yi ruwan ƙasa a ɗauki hotonsa kafin a goge komai. In babu, a nemi lambar samfurin a farantin jiki, a rubuta ta daidai a intanet tare da sunan kamfanin. Taskar Internet Archive da Radiomuseum suna da tsofaffin littattafan kayan lantarki da yawa. Wani abin da ke taimakawa shi ne sanin cewa sunan da ke gaban caja ba lallai ne na wanda ya ƙera ta ba. Kantunan Sears na Amurka, misali, sun riƙa sayar da caja da sunansu, amma waɗanda lambarsu ta fara da 200 Schumacher ne ya yi su, don haka zanen takwararta a can yakan yi daidai. Duk da haka, a gaskiya, na fi amincewa da zanen da mutum ya yi da hannunsa. Cajar da ta shekara hamsin da wuya a ce ba wanda ya taɓa sa mata hannu, kuma takarda ba ta san abin da wancan mai gyaran ya canza ba. Wayoyin ciki ba su fi goma sha biyu ba. Ɗauki hoto ta kowane gefe, manna wa kowace waya 'yar takarda da lamba, bi ta da mita daga farko zuwa ƙarshe, ka zana. Wurin da ke bukatar natsuwa shi ne makunni: a wasu yana zaɓar rassan naɗin shiga ne, a wasu na fita. Auna wutar AC da ke fitowa a kowane matsayi ka rubuta a jikin zanen. Kuma kada ka tsorata in ka auna bakin cajar ba batir ka ga 11 ko 12 kacal. Wutar tana zuwa ne a tudu-tudu, mita tana nuna matsakaici, alhali ƙololuwar tudun tana kai 17 ko fiye. An zubar da caja masu lafiya da yawa saboda rashin sanin wannan.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon bayani. Wayar soket a canza ta ko da ta yi kyau a ido, a sa mai uku, a ɗaure ta ƙasa a jikin akwatin, domin akwatin ƙarfe ne kuma da yawansu an yi su ba tare da ita ba. A sa fis a shiga, a sa wani a fita. Wayoyin batir su zama na jan ƙarfe masu kauri, mai murabba'in milimita 4 ta wadatar ga amfiya 10. Allura takan farfaɗo da an busa mata iska an tsabtace notinta. In ka ga babbar kwandensa mai mai a ciki, kamar yadda ake samu a manyan cajojin masana'antu, kuma ta girmi 1979, shekarar da Amurka ta hana sarrafa man PCB mai guba da ake zubawa a cikinsu, kada ka fasa ta, ka canza ta kawai.

To, an gyara. Me tsohuwar za ta yi maka wanda sabuwar ba za ta yi ba? Babban abu shi ne ba ta tambaya. Batirin motar da ta kwana wata uku a ajiye, wanda ya sauka zuwa bolt ɗaya ko biyu, yawancin cajojin zamani ba sa ganinsa ma, sai su nuna jar fitila su yi shiru, sai dai masu maɓallin tilastawa ko in an haɗa shi da wani batir mai rai. Tsohuwar tura wuta kawai take yi, kuma sau da yawa hakan yake tayar da shi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Tana jure ƙurar hunturu, tana jure wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, wadda ke kashe fanel cikin ƙiftawar ido. In ta lalace, kowane mai gyaran rediyo zai iya buɗe ta. Tana kuma cajin batir mai bolt 6 na tsofaffin babura da motoci. Sabuwar in ƙwaƙwalwarta ta tafi, yawanci sai dai a sayi wata.

Amma rashin tambayar nan shi ne kuma aibinta, kuma ba ƙarami ba ne. Ba ta san batir ya cika ba. Allura za ta faro daga 8 ta sauko 2 ko 3, ba za ta kai sifili ba, wutar batirin kuwa tana ta hawa har 15 da rabi ko 16. Daga wajen 14.4 ruwan batir yake fara rabewa yana fitar da iskar haidirojin, wadda in ta kai kashi 4 cikin ɗari a ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake kama kan batir tukuna kafin a kunna, a kashe tukuna kafin a cire, kuma a yi a inda iska ke wucewa. Zafin ƙasarmu yana ƙara tsananta lamarin. Lambobin da ake rubutawa na ma'aunin zafi 25 ne. A watan Afrilu da ake kai 40 a Kano ko Sakkwato ko Zinder, ya kamata a rage kusan kashi uku cikin goma na bolt ko fiye. Cajojin zamani masu kyau suna da abin jin zafi da ke yin haka da kansu. Tsohuwar kai ne abin jin zafinta: in jikin batir ya yi zafin da tafin hannu ba ya son daɗewa a kai, a kashe. Sannan ƙarfinta yana bin wutar gida. In an kawo wuta mara ƙarfi, wajen 170, da kyar za ta tura komai. In janareta ya yi sama, ita ma ta yi sama. Sabuwa mai karɓar 100 zuwa 240 ba ruwanta da wannan.

Saboda haka nau'in batirinka shi ne alƙali na biyu bayan taransifoma. Batir mai murafu shida da ake buɗewa a ƙara tataccen ruwa, a auna kaurin ruwan da haidiromita a ga ya kai wajen 1.265, wannan abokin tsohuwar caja ne, don shi aka yi ta. Batir rufaffe, irin AGM da na jel da ake sa wa inbata da sola, in ya rasa ruwa ba hanyar mayar masa, dare ɗaya na wuce kima yana iya rage masa shekara. Na litiyam kuwa kada ma a gwada. Yana son iyaka tsayayya, bolt 14.6 ga nau'in LiFePO4 mai ɗaki huɗu, kuma cajarsa daban ce. Motocin yanzu masu kwamfuta ma, in za a yi da tsohuwar, a sauke batirin daga motar tukuna. Sai girma. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batir: wanda aka rubuta wa 75Ah a jiki yana son wajen amfiya 7, in ya sha rabi zai ɗauki kamar awa shida ko bakwai. Mai 200 na inbata yana son 20, ƙaramar tsohuwar caja za ta kwana ta wuni a kansa, ga wutar da ba ta zama.

Akwai hanyar tsakiya da na bi da ta kawuna. Na sa mata ƙaramar mita mai nuna lambobi, da 'yar fanel mai rile wadda ke yanke wutar shiga in batir ya kai 14.4, ta mayar in ya sauko. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma sun cire tsoron mantuwa. Sai dai kada a ɗauka ta zama ta zamani. Batir yana taɓa 14.4 tun bai gama cika ba, ita kuwa ta yanke, alhali ta zamanin riƙe shi take a nan tana rage gudu har ya ƙoshi.

Wanda ya zaɓi sabuwa shi ma ya buɗe ido, domin araha ba ta ado. Na taɓa sayen wata mara nauyi da aka rubuta wa amfiya 20, da na auna ba ta kai 6 ba, fankarta ta tsaya kafin damina ta fita. A je kasuwa da mita, a gwada a kan batir a gaban mai kaya, a duba ko tana da zaɓin nau'in batir da kariya daga juya waya.

Ga mai mota ɗaya ta zamani, ko mai inbata da rufaffen batir, ko wanda zai haɗa ya tafi kasuwa, sabuwa mai inganci ita ce daidai, ko da tsohuwar tana nan a gida. Bakanike, mai sana'ar caji, manomi mai tarakta ko injin ban ruwa, duk wanda ke hulɗa da batura masu ruwa kuma yana kusa yana dubawa, in taransifomansa ya ci gwajin ƙwan fitila, ya gyara, ba zai yi da-na-sani ba. A gidana batiran inbata suna kan sabuwar. Ta kawu tana kan benci a zaure, kuma makon jiya ma maƙwabcina ya turo yaronsa da batirin a-kori-kura da ya ƙi tashi. Muka kama masa kai bayan la'asar, allura ta tsaya cik na kusan rabin awa, sannan ta fara ɗagawa a hankali.